Rijiyar da Na Sa Aka Rufe

A wata damina kwalara ta ɓarke a garin da nake aikin lafiya, aka ɗora mini gano inda cutar ke fitowa. Na bi majinyata gado-gado ina tambayar kowa ruwan ina yake sha. Kusan bakinsu ɗaya: rijiyar bakin kasuwa. Ban yi wata-wata ba na garzaya wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, an gano ta." Kafin la'asar an jibge ƙaya a bakin rijiyar.

Ko mutum ɗaya mai lafiya ban tambaya ba. Da na tambaya, da na ji cewa garin kaf a nan yake ɗiban ruwa, wanda ya kwanta da wanda ke tsaye. A ƙa'idar binciken yaɗuwar cuta, kowane majinyaci akan nemo masa sa'ansa a maƙwabta wanda bai kamu ba, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, sannan a duba inda amsoshinsu suka rabu. An koya mana wannan, gaggawa da ganin mutane na galabaita suka mantar da ni.

Har labarin John Snow na sani, likitan da ya sa aka cire hannun famfon Broad Street a Landan a 1854. Sai dai rabin labarin na riƙe. Snow ya bi sawun waɗanda suka tsira ma. A tsakiyar unguwar akwai gidan marasa galihu mai mutum 535, biyar kacal suka rasu, kuma gidan na da rijiyarsa. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, su ma cutar ta tsallake su.

Da tawagar bincike ta zo ta bi gida-gida, sai bambancin ya fito fili. Gidajen da suka kamu sun fi sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, su kuwa a kududdufin bayan gari suke cika jarkokinsu, inda ruwan sama ke koro ƙazanta. Aka gwada ruwan rijiyar, ba a sami ƙwayar cutar ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, kwanakin da rijiyar ta yi a rufe, gidajen da a da suke jan ruwansu da guga dole ta sa suka koma wurin 'yan ga-ruwan nan. Wasu daga cikin yaransu ni da hannuna na ɗaura musu ƙarin ruwa.