Soyayya A Tsakanin Taurari

Ranar nan na kama 'yata Ummi ƙudundune cikin bargo da waya a hannu, wajen ƙarfe ɗayan dare. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, saurayi ne. Na fizge wayar. Ashe littafin Turanci take karantawa: wata budurwa matuƙiyar kumbo, ana yi mata ruwan wuta a tsakanin taurari, ga wanda take so yana cikin rundunar abokan gaba. Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta ƙwace mini. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ni ma haka na yi a nan Bakori, a 1995, ina aji uku na ƙaramar sakandare. Lokacin daga Funtuwa ake kawo mana littattafai muna haya, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa. Mun sha kuka a gaban fitilar ƙwai, wallahi, kuma har gobe ba na raina su. Amma a da yawa daga cikin waɗanda muke haya, yarinya tana ɗaki ne tana jira. Jiran hukuncin iyaye, jiran saurayi, jiran makircin kishiya ya tonu.

Wata rana ina kakkaɓe akwatin Kawuna na ci karo da wani tsohon littafi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A 1969 ya fito, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, abin da ya sa har yau muke kiran ciwon idon nan Afolo. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Daren nan na daɗe a tsakar gida ina kallon Kaza Da 'Ya'yanta, ina ta tambayar kaina: to me ya hana a ce yarinya ce ta tafi?

Sai na fara rubuta nawa a bayan littafin lissafi. Na ba jarumata kumbo, na ba ta bindiga, na kuma ba ta saurayi, amma shi aka kama, ita ta je ceto. Malamin kimiyyarmu ya kama ni ina rubutun a cikin aji. Na gama sadaƙarwa bulala zan sha. Ya karanta shafi biyu a tsaye, sannan ya ce, "Kin san an yi mace irin wannan da gaske?" Ya ba mu labarin Valentina Tereshkova ta ƙasar Rasha, 'yar direban tarakta, wadda ta yi aiki a masaƙa irin ta Funtuwa, amma a 1963 ta kewaya duniya sau 48 ita kaɗai a cikin kumbo.

Da kakar shekarar wani mai sayen hatsi ya turo neman aurena. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba, sai dai ya ce ba maganar makaranta. Inna ta ce in yi shiru, manya za su yanke. Kwana biyu ina kuka a ɗaki, sai na tuna jarumata ko sau ɗaya ban bar ta ta zauna kuka ba. Bayan sallar isha'i na sami Baba a gindin rumbu ana ɓarar masara, na durƙusa, muryata na rawa.

"Baba, don Allah a bar ni in gama karatu."

Ya daɗe bai ɗago ba. "Uwata, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Baba."

Kwana uku bai ce mini komai ba. A na huɗu ya aika wa mutumin cewa sai na gama. Bai jira ba, ni kuma yau kimiyya nake koyarwa.

Ke 'yar'uwa da kike mamakin abin da ke jan 'yan mata ga irin waɗannan littattafai, ba faɗan ba ne kaɗai. A can sama babu uwar miji, babu boka. Abin da ke raba masoya shi ne yaƙi, da iskar shaƙa mai ƙarewa, da nisa. Saƙo daga nan zuwa duniyar Mas yakan ɗauki minti 20 har da ɗoriya in ta yi nisa (ko da yake wasiƙun zamaninmu ta hannun ƙannen samari sun fi haka daɗewa). Kuma namiji yakan fara sonta ne bayan ya ga aikinta. Ko a fim ɗin Star Wars na 1977, waɗanda suka zo ceton Gimbiya Leia sun rasa hanyar fita, ita ta karɓe bindiga ta fasa musu.

Sai dai a kula, na Turancin nan wasu cike suke da batsa, ba kowanne ake buɗewa ba. Shi ya sa na ce wa Ummi wayar za ta kwana a wurina, sai na duba abin da take karantawa. Na ce shafi biyar kawai. Kiran assalatu ne ya dawo da ni Bakori, kumbon yarinyar yana ci da wuta, saura babi uku.

Da safe Ummi ta gaishe ni, ta kalli idona, ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Umma, kar ki damu, ba ya mutuwa."