'Yar Sandar da Ke Bayan Sitiyari

Akwai wata 'yar sanda a bayan sitiyari da direba ke taɓawa sau da yawa a rana ba tare da ya ko kalle ta ba. Ranar da ta daina aiki kuwa, sai ka ji an ce ai sigina ce kawai, a ci gaba da miƙa hannu ta taga, wani ma ko hannun ba ya miƙawa. Mai babur ko mai adaidaita da ke biye a shataletale shi ke kwana a ciki, domin ba shi da wata hanyar sanin inda motar gabansa ta nufa.

Alhali gyaran ba shi da wuya in an san inda za a fara, kuma ba daga makunnin da sandar ke motsawa ake farawa ba.

Ƙwararren mai gyaran wayar mota, wanda a gareji ake kira rewaya, yakan saurara tukuna kafin ya ɗauki sukundireba. Ƙa'idar masu ƙera motoci ita ce sigina ta ƙyafta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. In gefe ɗaya ya koma ƙyaftawa da sauri, galibi ƙwan fitila ne ya mutu, kuma da gangan aka tsara haka don direba ya farga. In duka gefe biyu suka yi shiru, sai a duba fiyus da filasha, wato na'urar da ke yanke wuta tana mayarwa. Daga nan sai ya danna jan maɓallin hazad. Fitilu huɗu suka ƙyafta lafiya amma sandar ta ƙi kunna hagu ko dama? To ƙwayaye da wayoyinsu ƙalau suke, zargi ya koma kan makunni. Ko a nan ma akwai wurin lura: a Golf 4, filashar tana cikin maɓallin hazad ɗin ne, don haka in shi ya lalace ana iya sauya sanda sabuwa fil, ciwon yana nan.

Wanda ya buɗe makunnin zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ke ciki. 'Yan faifan tagulla ne da ke goga juna, da ƙaramin sifirin mai tura ɗan ƙarfe cikin gurbi don sandar ta tsaya inda aka sa ta, sai wani harshen roba da ke leƙowa wajen sandar sitiyari. Shi wannan harshen ne wani zobe ke turewa idan direba ya gama kwana ya miƙe, sigina ta mutu da kanta. Dabarar ba sabuwa ba ce: kamfanin Buick na Amurka ya sa sigina mai ƙyaftawa a motocinsa a 1939, ya ƙara mata mai kashe kanta a 1940.

Abin da ke cin makunnin a ƙasashenmu ƙura ce. Giris ɗin da aka shafa wa tagullar tun a masana'anta yana shan ƙurar hunturu shekara da shekaru, ya bushe, ya yi baƙi ƙirin, ya koma kamar daddawa. Wuta ta kasa wucewa, ko ta riƙa wucewa inda bai kamata ba. Shi ya sa wata motar sai an riƙe sandar da hannu take ƙyaftawa, wata kuma an kashe amma ana jin ƙas-ƙas bai tsaya ba. Irin wannan wanki yake so: a buɗe a hankali a kan farin ƙyalle don kada sifirin ya yi tsalle ya ɓace, a goge tsohon giris, a ɗan bi tagullar da samfefa mai laushi har ta yi sheƙi, a shafa giris ɗin da aka yi don kayan wuta, ɗan kaɗan. Amma in harshen roban ne ya karye, gam ba ya riƙe shi, sai dai a sauya. Mai zuwa neman wani makunnin a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da tsohon a hannu, domin mota iri ɗaya, shekara ɗaya, soket ɗinta na iya bambanta saboda fitilar hazo kawai.

A yawancin Corolla da Camry ba sai an cire sitiyari ba. A juya shi hagu a kwance noti ɗaya, a juya dama a kwance ɗayan, murfin roba ya rabu biyu, a zare soket, makunni ya fito.

Inda abin ke da haɗari shi ne motar da dole sai an cire sitiyarin, saboda jakar iskar da ke tsakiyarsa. A nan gaggawa ba ta da wani uzuri. A cire kan batir na nagatif a jira: Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, domin akwai sauran wuta a ajiye da za ta iya fasa jakar a fuskar mai aiki. Duk soket mai launin ɗorawa na jakar iska ne, kuma ba a kusantarsa da fitilar gwaji. Bayan sitiyarin akwai wata siririyar waya mai faɗi a nannaɗe, ita ke kai wuta ga hon da jakar yayin da sitiyari ke juyawa, kuma zagayen da za ta iya galibi kusan biyar ne kawai daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Sai an miƙe tayoyi sambal kafin a cire, a liƙe ta da salatif kada ta motsa. In aka mayar da ita a karkace, a kwanar farko mai zurfi za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa. Abin takaici, akwai masu rufe wannan fitilar da baƙin salatif ta ciki su miƙa wa mai mota makulli, ya ɗauki iyalinsa ya hau hanya da jakar da ba za ta buɗe ba.

Don haka mai mota ya tsaya a gwada a gabansa. A mayar da batir, a murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kunnu na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. A danna hon, a gwada doguwar fitila da gajeriya tunda a sanda ɗaya suke, sannan a fita da motar a sha kwana hagu da dama, a ga ko sandar tana komawa tsakiya ba tare da an taɓa ta ba.