Masu Sauraren Ƙasa a Gonakin Ingila

Makon nan za mu yi nisa, mu leƙa tsakiyar ƙasar Ingila, wani lardi da ake kira Staffordshire, arewa da birnin Birmingham. Ƙasa ce ta gonaki da makiyaya, kowace gona an kewaye ta da shingen itatuwa, daga nesa kuma ana hango hasumiya uku na babban cocin garin Lichfield.

In kin bi ta can ran Lahadi da safe, cikin Satumba ko Oktoba, bayan an girbe alkama an yi huɗa, kina iya ganin abin da zai ɗaure miki kai. Ga mutum ashirin ko talatin sun bazu cikin gona, kowa ya sunkuyar da kai, yana tafe sannu sannu kamar mai neman allura. Kowane yana riƙe da sanda mai wani abu a ƙasanta kamar faifan rufe ƙwarya, yana kaɗa ta dama da hagu dab da ƙasa, ya toshe kunnuwansa da abin saurare. Ba mai yi wa wani magana. Can sai ki ga ɗaya ya tsaya cik, ya durƙusa cikin taɓo, ya shiga tono da ɗan shebur. Waɗannan su ne 'yan kulob ɗin neman ƙarfe, kuma lardunan Ingila cike suke da irinsu.

Sandar nan na'ura ce mai aiki da batir. Faifan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai na'urar ta yi ƙara a kunnen mai ita. Wanda ya ƙware, da jin ƙarar yakan yi hasashen ko baƙin ƙarfe ne ko tagulla ko azurfa. A Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka yi aiki da irinta don gano nakiyoyin da aka binne, a wajajen 1970 kuwa ta yi araha, talakawa suka mai da ita abin sha'awa.

To, me ya sa sai sun yi ƙungiya? Dalilin shi ne a Ingila ba ƙasar da ba ta da mai ita, kuma ba ka da ikon tona ko taku guda sai da yardarsa. Manomi kuwa ba ya son baƙon da bai sani ba ya shigo masa gona. Saboda haka kulob yakan wakilta mutum guda mai haƙuri da iya magana, ya bi gidajen manoma yana roƙon izini, sau da yawa har a rubuta takarda a sa hannu. Sharuɗɗan kaɗan ne amma ba a wasa da su: duk ramin da ka tona ka cike shi, ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe don kada tumaki su fita, tarkacen da ka tono ka tafi da abinka. Mutum ɗaya in ya saɓa, ya ja wa sauran duka an kore su daga gonar, shi ya sa wasu kulob ba su karɓar sabon mutum sai sun gwada halinsa.

Kada ki ce zinariya suke kwasa. Abin da ya fi yawa cikin jakarsu da yamma shi ne ƙusoshi, da marfin gwangwani, da kwanson harsashi, da takalmin doki. Ranar da aka yi sa'a a sami maɓallin riga, ko kan ɗamara, ko ɗan ƙarfen nan da masu ɗinki ke sa wa a yatsa, ko kwabon zamanin Romawa da ya yi kore. Da rana ta yi tsaka sai su taru bayan motoci, a buɗe fulas ɗin shayi, kowa ya baje abin da ya samu a tafin hannu, ana yi wa mai tarin ƙusoshi ba'a.

Galibi sau ɗaya a wata sukan yi taro da dare a zauren taron ƙauye. A jera abin da aka samu bisa tebur, a jefa ƙuri'a a zaɓi wanda ya fi a watan. Wani lokaci baƙo yakan zo, watau jami'in rubuta kayan da aka tsinta. Tun 1997 aka kafa wannan tsari, yanzu babban gidan ajiye kayan tarihi na Landan ke lura da shi a Ingila, kuma abubuwan da aka rubuta sun wuce miliyan ɗaya. Jami'in yakan auna abu, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta inda aka same shi, sa'an nan ya mayar wa mai shi. Gargaɗinsa kullum shi ne kada a dirje tsohon abu. Mu da muka saba da sa toka da soso mu goge tasa har ta yi ƙyalli, a nan sai mu riƙe hannunmu, don gugar ita ke shafe rubutun da ake nema.

Abin da ya fi burge ni cikin aikinsu shi ne neman abin da ya ɓace wa mutane. Mace ta yar da zoben aurenta a lambu, ko manomi ya yar da makullin tarakta cikin ciyawa, sai a aika wa kulob, su zo su nema, da yawansu ba su karɓar ko kwabo. In an matsa musu su ce a ba da sadaka. Da can kusan duk maza ne, yanzu mata da yara sun shigo. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13 ta fita da ubanta kusa da garin Royston, ta gano tarin gatura da kayan tagulla da suka yi shekara wajen 3,000 a binne.

Yanzu mu koma Staffordshire, ƙauyen Hammerwich, kusa da tsohuwar hanyar Romawa da ake kira Watling Street. A nan ne ran 5 ga Yuli 2009 wani ɗan kulob ɗin Bloxwich mai suna Terry Herbert, wanda ya yi shekara 18 yana wannan yawo, ya shiga gonar wani manomi Fred Johnson. Na'urar da ke hannunsa tsohuwa ce, fam biyu da rabi ya saye ta a gwanjo. Kwana biyar yana tono zinariya, har abin ya ba shi tsoro, ya kira jami'in nan. Masana suka zo suka ƙarasa aikin. Da aka auna, zinariya ta kai kilo 5, azurfa ta kusa kilo ɗaya da rabi, gutsattsari kusan 4,600, na ƙarni na 7, zamanin da wurin ke ƙarƙashin wata daula mai suna Mercia. Kusan duk adon takubba ne da na kwalkwalin yaƙi, an yi musu ado da jajayen duwatsu. 'Yan'uwa, duk tarin nan ba a sami kayan adon mace ko guda ba! Da aka fara nuna su a Birmingham, mutane suka yi sa'o'i a layi don su gani.

Ina ya ƙare da dukiyar? Akwai doka ta 1996 wadda ta ce duk wanda ya tsinci kayan zinariya ko azurfa da suka wuce shekara 300, ko tarin tsofaffin kuɗi, lalle ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 14. In gidan tarihi yana so, sai a yi wa kayan kuɗi, a biya lada, bisa al'ada a raba biyu tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Na Hammerwich an yi musu kuɗi fam 3,285,000, gidajen tarihi na Birmingham da Stoke suka tara kuɗin da gudummawar jama'a suka saya. Herbert da Johnson suka raba daidai. Amma kin san halin kuɗi, ba a yi shekara biyu ba jaridu suka ba da labarin sun ɓata, ba su ko gaisawa.

Akwai kuma waɗanda 'yan kulob suka ƙi jini, masu shiga gonakin mutane da dare ba izini, su tona su gudu, su bar ramuka. Ko da rana ma wani zuciyarsa takan rinjaye shi. A 2015 wasu mutum biyu suka sami tarin kuɗi da kayan ado na zamanin mayaƙan Bikin a lardin Herefordshire, suka ɓoye suna sayarwa a asirce. A 2019 aka ɗaure su shekaru, kuma cikin kuɗin da ake zaton sun kai 300, kaɗan ne suka dawo hannun hukuma. Da sun kai rahoto da an biya su lada halal. Asarar kuwa ba tasu kaɗai ba ce, don abin tarihi in an raba shi da wurin da aka same shi, masana ba su iya gane wa ya binne shi, ko yaushe.

Gonar Hammerwich kuwa ba ta gama ba da abin da ke cikinta a karon farko ba. A ƙarshen 2012 aka sake huɗarta, masana suka koma tare da masu irin na'urar nan, suka bi ta kunya kunya, suka ƙara tsinto gutsattsari 91.