Wa Zai Sani Idan Ba Ka Yi Ba?

Duk farkon shekara, idan muka buɗe layin waya a shirinmu na safe, buri ne ke kwararowa. Wannan zai sauke Alƙur'ani, wancan zai koyi Ingilishi saboda cinikinsa da ƴan Najeriya, wata kuma tana son tara kuɗin keken ɗinki. Ni dai tambayata ba ta sauyawa: gobe da ƙarfe nawa za ka soma, kuma wa zai sani idan ba ka yi ba? A nan ne layi kan yi tsit, har in ɗauka rezo ne ya yanke.

Aikin rediyo ne ya koya mini wannan tambaya. Idan jar fitilar ɗakin watsa shiri ta kama, ba ruwanta da ciwon kaina ko rashin barcina. Akwai direba a tasha da ya murɗa akwatinsa, akwai mai koko da ke jiran jin muryata. Shi ya sa ake samun ma'aikacin da ya shekara goma bai makara ba ko sau ɗaya. Mutane kan ce ƙarfin zuciya ne. Ni a ganina ido ne: alkawarin da wani ke jira ya fi wanda ka yi wa kanka cikin bargo wuyar karyawa.

Matan karkarar Maraɗi sun riga mu gane haka. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma aiki da su a kan tsarin da ake kira Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, rana guda sananniya, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, komai ƙanƙantarsa. Kuɗin na shiga akwati mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta ci bashi ta maido da ɗan ƙari, wadda ta makara ta biya tara, ƙarshen zango a raba. Abin da ya fi burge ni shi ne kwaɗon nan uku. Matar da ta ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa, ranar da baƙi suka sauka ko miji ya roƙi rance, shi ke nan. Akwatin kuwa yana kare ta daga mutane, yana kuma kare ta daga tausayin kanta.

Sai maganar girman zubin. Mu ƴan boko muna da wata cuta, mun fi son tsari mai kyan gani a takarda: tashi ƙarfe huɗu, motsa jiki, karatun awa biyu, rubutun shafi biyar. Irin wannan tsari a cikin sanyin Janairu ake rubuta shi, kuma ba ya ganin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke, dare ya ƙare cikin fifita. Da irin wannan rana ya kamata a auna ɗabi'a. Abin da za ka iya yi a ranar da ka fi gajiya, shi ne zubinka. Dala ashirin, wato sefa 100, ba ta cika ido, amma in an jefa ta kullum, a shekara ta zama sefa 36,500. Izu sittin ne a Alƙur'ani. Mai karanta izu ɗaya a rana zai kai ƙarshe cikin wata biyu, sau shida ke nan a shekara. Makarantar allo ma haka take tafiya tun kaka da kakanni: ɗan abin da allo ya ɗauka, ka biya wa malam, sannan ka wanke.

Na san akwai mai cewa faɗa wa mutane buri yana jawo baki da hassada. Ban raina wannan tsoro ba, kuma ba shela nake nufi ba. Wanda ya baza burinsa a Facebook ya riga ya karɓi yabon aikin da bai yi ba, sai jikinsa ya mutu. Mutum ɗaya ya isa, wanda ba ya jin nauyinka.

Nawa zubin layi goma ne na littafin da nake rubutawa, bayan sallar asuba, kafin in taɓa waya don duba labarai. Idan na gama sai in ɗauki hoton shafin in tura wa yayata ta WhatsApp. Ba ta karantawa, ta ce rubutuna kamar tafiyar kaza. Ƙirga layukan kawai take yi, ranar da ta ga tara kuwa sai ta kira ta ce, “Auta, ina cikon?”