Iskar da na sa aka rage

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin direbobin yankinmu, daga tashar Jega har Maiyama: in bazara ta kama, a rage wa taya iska don kada zafin kwalta ya fasa ta. Na daɗe ina aiki da ita, har ƙannena na koya wa. Saura ƙiris ta halaka ni.

A watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Na sayo albasa a Aliero, na cika but da kujerar baya, sannan na tsaya wajen mai faci. Ya ɗora geji ya ce, "Alhaji, iskarka daidai take." Na ce shi dai ya rage. Ya dube ni, ya rage. Na wuce Jega na nufi gida Kimba, sai tayar baya ta yi bindiga, mota ta kwashe ni zuwa gefen hanya. Allah Ya tsare, ban kai ga masu ɗorin Aliero ba. Da na sauka, gefen tayar ya yi kaca-kaca, wayoyi a waje, robar kuwa ba ta taɓuwa don zafi.

Laifina ne, ba na mai faci ba. Tayar da iska ta yi wa kaɗan, gefenta yana lanƙwasawa a duk juyi, kuma wannan lanƙwasar ce ke dafa ta daga ciki har roba ta saki waya. Ga lodi, ga gudu, ga rana. 'Yar ƙaruwar da iska ke yi in taya ta ɗau zafi, masu ƙera mota sun riga sun lissafa da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar tana jikin motar tun ranar da na saye ta. A ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da ke faɗin iskar gaba da ta baya. A jikin tayar kuma an rubuta 195/65 R15 91H. Faɗinta milimita 195 ke nan, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 15. Lambar 91 na nufin kilo 615 ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka, shi ma sai da cikakkiyar iska. Akwai wasu lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, waɗanda masu sayen taya 'yar gwanjo ba su cika dubawa ba.

'Yan'uwa direbobi masu jigilar albasa, ku auna iska da sassafe kafin taya ta ɗau zafi, ku bi lambar jikin ƙofa, har da safaya. Wanda kuma ya ji shawarar rage iska daga bakina, don Allah ya watsar da ita.