Kwalliyar Mota da Zafin Birki

Ni mai sha'awar kwalliyar mota ne, amma akwai adon da nake tsoro, wato jan murfin nan da samari ke rufe birki da shi. Duk lokacin da aka taka birki, gudun mota zafi yake komawa, iska ce kuma ke kwashe shi. Idan an tare iska, sai zafin ya taru har ya kai ga man birki. Sabon mai nau'in DOT 3 yana jure digiri 205, amma wanda ya sha danshi kan tafasa a wajen 140. Da ya tafasa, sai ka taka birki ya nutse, mota ba ta tsaya ba. Ka ƙaddara a gangaren Hawan Kibo ne! 'Yan'uwana ɗalibai, fenti mai jure zafi ya isa ado. Allah ya kiyaye hanya.