Shaidar Mai Karatu

A shagon Goggona da ke Aboabo na fara jin yadda ake yanke wa littafi hukunci. Atamfa da turare take sayarwa, amma ƙarƙashin teburinta akwai wani kwali da ya fi kayan shagon jawo mata jama'a. Littattafan Hausa ne na Kano, fataken goro ke sako mata su cikin kaya in sun juyo Kumasi. Wajen 1996 ne, ina sakandare, ni ke riƙe da littafin haya: sunan wadda ta ɗauka, ranar da ta ɗauka, da ɗan kuɗin da bai kai na koko da ƙosai ba.

Ba a koyar da Hausa a makarantun gwamnatin Ghana. Duk wadda ka gani a Zongo da littafin Hausa a hannu, da kanta ta koya, da baƙaƙen Turancin da ta samo a firamare, tana tuntuɓe da masu lanƙwasa har ta saba. Shi ya sa littafi ɗaya kan wadaci gida guda. Bayan isha'i ɗaya tana karantawa da ƙarfi, biyar suna saurare suna tsince waken da za a dafa da asuba. Ranar da aka dawo da littafin, da ra'ayin gidan duka ake dawowa.

Goggo ba ta karanta boko ko kaɗan, amma babu littafin da ke kwalin nan da ba ta san cikinsa ba. Kowace ta miƙo littafi sai ta tambaye ta, "Yaya kika gan shi?" In ta ce ya yi daɗi, Goggo ba ta sakinta. "Daɗin me? Wa ya ba ki tausayi? A ina kika ajiye shi kika tashi?" Tana auna yadi tana saurare. Da waɗannan amsoshin take sanin littafin da za ta ba amarya, da wanda za ta ɓoye wa mai takaba sai ta fita.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ya fi kowane yawo, har sai da muka ɗinke bangonsa da zare. A mako guda mata biyu suka dawo da shi. Ta farko uwargida ce da aka yi wa kishiya bara. Ta ce ba ta taɓa karanta gaskiya irin wannan ba, Rabi da 'ya'yanta tara da aka kora daga gidan Alhaji Abdu kamar a tsakar gidanta aka ɗauko su. Abu ɗaya ya ɓata mata rai, komawar Rabi gidan a ƙarshe. Ta biyun ita ce ta shigo daga baya a nata gidan. Ta tura littafin kan tebur ta ce an mayar da kowace amarya Delu, kishiyar Rabi, alhali ba kowace ta biyu ce ta shigo da sharri ba. Da suka tafi na tambayi Goggo wacce ke da gaskiya. Ta ce, "Duk su biyun sun karanta. Kowacce ta faɗi inda ya taɓa ta." Daga ranar, in wata ta nemi littafin, Goggo kan gaya mata maganar su biyun, ba tare da ta kama suna ba.

Nawa kuskuren ya zo ne a kan wani siririn littafi na wata sabuwar marubuciya. Na ɗauke shi dare ɗaya ina cikin fargabar jarrabawa, na ga babu soyayya, babu attajiri mai mota, sai wata uwa da ɗanta marar lafiya suna zarya tsakanin asibiti da mai magani. Na kai tsakiya na rufe. Washegari wata Hajiya daga Asawase, wadda in ta yabi littafi sai an yi layi a kansa, ta ɗago shi ta ce, "Ɗana, wannan fa?" Na ce, "Hajiya, ɓata lokaci ne." Ta mayar. Kalma uku ke nan, kuma suka zagaya Asawase da Sawaba kafin Juma'a. Littafin ya koma ƙasan kwali, wata da watanni ba wanda ya taɓa shi.

Goggo ta lura daga littafin haya, domin ko ba ta karatu tana gane layin da babu komai a gabansa. Ta tambaye ni, na faɗa mata abin da na ce. Ta ajiye almakashi.

"Ka kai ƙarshensa?"

"A'a, Goggo."

"To shaidar zur ka yi."

Maganar ta yi mini nauyi, domin a makarantar allo mun san matsayin shaidar zur. Na ɗauki littafin na karanta shi daga farko a hutun da ya biyo baya. Yaron ya rasu a kusa da ƙarshe, kuma yadda marubuciyar ta bi da uwar a kwanakin zaman makoki, ba ihu, sai wanke kwanukan masu gaisuwa da naɗe tabarmi, ban sake karanta irinsa ba. Akwai mata a layinmu da suka binne 'ya'ya, waɗanda wannan littafin zai zauna da su a daren da ba mai zama da su. Ni na tare musu hanya. Na je har gida na gaya wa Hajiya na yi kuskure, ta karɓa ta karanta, ta yaba. Amma maganar farko ta riga ta yi nisa, gyaran bai cim mata ba. Damina ta zo, ruwa ya shiga shagon kamar yadda ya saba yi wa Aboabo, na ƙasan kwali su suka fara jiƙewa.

Yau hukuncin ya koma cikin waya. Ɗan yayata ya nuna mini Goodreads, wanda aka buɗe a 2007, Amazon ta saye shi a 2013, inda mai karatu ke ba littafi tauraro ɗaya zuwa biyar da zarar ya rufe shi. Ina ganin amfaninsa, domin yaron da ke Alabar yana iya jin labarin littafin da ba zai taɓa gani a kasuwar Kejetia ba. Abin da ke damuna shi ne lambar da ake tarawa a sama.

Mun gwada abin a majalisar shayinmu da The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, jinin gidan Sarkin Zongo, wanda ya fito a Amurka a 2005. Muka karanta labarin Mallam Sile mai shayi, wanda samarin layi ke cin bashinsa suna raina shi har ya auro Abeeba ta tsaya masa. Wani dattijo a cikinmu, da aka fassara masa, ya ce shi tauraro biyu zai bayar: an kwashe cikin gida an kai wa baƙi da Turanci, kuma masu shayin da ya sani sun fi haka wayo. Wani malamin makaranta ya ce biyar, domin tun yana yaro yake karanta titunan Landan da ƙauyukan Asante a littafi, sai ranar nan ya ga nasa layin da benci da butar shayi. Aka yi musu har aka sake ɗora ruwa. In ka haɗa biyu da biyar ka raba, uku da rabi za ka samu, hukuncin da babu wanda ya yanke shi a wurin. Dalilin dattijon ya ɓace, na malamin ma ya ɓace, kuma dalilan nan ne kaɗai za su gaya wa ɗan yayata ko littafin nasa ne.

Malamanmu na zaure suna da tsohuwar al'ada ta taƙarizi: malami ya karanta littafin wani, ya rubuta abin da ya gani a ciki, ya sa sunansa a ƙasa. In ya yabi abin da bai karanta ba, mutuncinsa ne a kan layi ɗaya da yabon. Matan shagon Goggo ma haka suke, fuska da fuska suke faɗa, gobe kuma za a haɗu a gidan suna.

Shekaranjiya na gama wani littafi da dare. Da safe 'yar ƙanwata ta gan shi a kan tabarma ta ce, "Kawu, tauraro nawa?" Na ce ta bar ni da shi zuwa Juma'a, akwai babi biyu da nake son komawa. Na tambaye ta wanne ta gama kwanan nan, kuma a ina ta ajiye shi ta tashi. Ta jawo kujera.